Gurgu Da Yarinya: Labarin Masu Fararen Riguna

Akwai waɗansu mutane da mu ke gani a Sabon Gari tun muna yara, maza da mata, sanye da fararen riguna har idon sawu, suna tuɓe takalma in za su shiga ɗakin ibadarsu. Da asuba in mun fito za mu masallaci mu kan ji ƙararrawarsu, wani sa'i kuma mu hango su a kan dutse bayan gari suna addu'a. Shekara da shekaru muna wuce su, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ko su wane ne ba. Abin da ya tilasta mana tambaya kuwa a ajinmu ya faru.

Ran nan lokacin shan iska muka ji hayaniya, muka leƙa, sai muka tarar da wani yaronmu Bayarabe yana kuka, an watsa masa ƙasa a ka, yara sun kewaye shi suna kiransa ɗan matsafa. Dalili, wai sun gan shi ran Lahadi da farar riga, riƙe da kyandir da kwalbar ruwa. Muka hori waɗanda suka yi haka, muka sa suka ba shi haƙuri. Aji ya yi tsit, sai wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to, in ba tsafi ba ne, mene ne?" Muka buɗe baki, ba abin faɗi. Muka daka masa tsawa muka ce ya zauna. Daren nan mun daɗe ba mu yi barci ba, gama mun san horon da muka yi ya hana hannu, amma tambayar tana nan cikin zukatan yara arba'in, kuma gobe za su sāke watsa ƙasar inda ba ma gani.

Matambayi ba ya ɓata. Ran Asabar muka sa yaron ya kai mu wurin kakansa, wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe, wanda Hausa ta zauna bakinsa daram. Ya yi mana maraba, ya sa aka kawo ruwa. Cikin ɗakinsa muka ga hoto biyu, ɗaya na wani tsoho riƙe da sanda a bangon gabas, ɗaya na wata mace a bangon yamma. Muka ce, "Baba, su wane ne waɗannan, me kuma ya sa aka raba su nesa haka?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, su ne suka kafa hanyarmu. A raye ma ba a bar su tare ba." Daga nan ya shiga ba mu labari, mu kuma daga baya muka bi littattafan tarihi muka gwada da abin da ya faɗi. Ga abin da muka samu.

Sunan tsohon Musa Orimolade Tunolase. An haife shi wajen 1879 a garin Ikare, cikin ƙasar Yarabawa, a Jihar Ondo ta yanzu. Gurgu ne, da ƙyar ya ke tafiya, bai kuwa yi karatun boko ba. Ya shiga addinin Kirista a hannun 'yan Mishan na Angilika, ya haddace abu mai yawa na Littafinsu da ka, ta wurin sauraro kawai. Da ya girma sai ya bar gida ya shiga yawon wa'azi gari gari, shekara da shekaru, yana kiran mutane su bar gumaka da layu, yana yi wa marasa lafiya addu'a. An shaide shi da abu guda, watau ba ya karɓar kuɗi a kan addu'a. Mutane suka laƙaba masa suna Baba Aladura, ma'ana Baba mai addu'a. Ku lura da wannan kalma, jama'a. Yarabawa na ce wa addu'a adura, asalinta ɗaya da tamu, duka daga Larabci suka fito.

A 1924 ya iso Ikko. Zamanin nan kuwa zamanin tsoro ne. Ba a daɗe da fita annobar mura ta 1918 ba, wadda ta kashe mutane ba iyaka a duniya duka, ga shi kuma a 1924 ɗin wata annoba da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Ikko. Likita bai wadata ba, boka ya gaza, mutane suna neman inda za su kama. Aka sauke Orimolade a wani coci na unguwar Ebute Ero, amma ba a jima ba shugabannin wurin suka ga hanyarsa ba irin tasu ba ce, aka sallame shi. Ya ci gaba da zama gidajen waɗanda suka yarda da shi.

Macen kuwa sunanta Kiristiyana Abiyodun Akinsowon, an haife ta a 1907. Ita ta yi makaranta a Ikko, tana zaune hannun danginta. Ran 18 ga Yuni, 1925, tana da shekara 17, ta tafi dandalin Kamfos kallon jerin gwanon da 'yan Katolika ke yi ko wace shekara. Ta komo gida ta ce ta ga mala'ika, ya kuma biyo ta. Bayan 'yan kwanaki ta faɗi kamar matacciya, kwana da kwanaki ba ta san inda ta ke ba. Da abin ya gagari mutanen gida, sai aka aika aka ɗauko gurgun nan mai addu'a. Ya yi addu'a, ta farfaɗo, ta shiga ba da labarin abin da ta ce an nuna mata a sama. Mu dai abin da ita da mabiyanta suka faɗi mu ke kawo muku. Abin da ba shi da jayayya shi ne, gidan ya cika da masu zuwa ji, har Orimolade ya ba da shawara a mai da taron ya zama ƙungiyar addu'a.

A watan Satumba na 1925 aka raɗa wa ƙungiyar suna Serafim, a 1926 aka ƙara Kerubim a kai. Duka biyu sunayen jinsin mala'iku ne, na biyun su ne malamanmu ke kira Karubiyyawa. Suka ɗauki Mala'ika Mika'ilu ya zama jagoran rundunarsu, ita yarinyar kuma aka riƙa kiranta Kyaftin Abiyodun. Farar rigar da yaranmu suka yi wa dariya kwaikwayon tufafin mala'iku ce a wurinsu.

Koyarwarsu ba ta da tsawo. Sun ce Allah Yana jin addu'a, Yana kuwa amsawa a nan duniya, a kan ciwo da rashin haihuwa da tsoron mayu. Sabo da haka wanda ya shigo cikinsu sai ya rabu da gunki da laya da boka, ya dogara ga addu'a da azumi da karatun Zabura. Su kan yi addu'a a kan ruwa ko mai su ba mara lafiya, kwalbar da aka ga yaronmu da ita ke nan. Suna ba mafarki da wahayi girma ƙwarai. Suna yabon Allah da harshensu, da tafi, ba su jiran sai littafin waƙoƙin Turawa. Da fari ma ba su nufi kafa wani coci dabam ba, kowa ya kan je cocinsa da safe, sa'an nan ya zo taron addu'a. Sai da limaman manyan coci suka juya musu baya, wajen 1928, suka tsaya da ƙafarsu.

To, a nan ne abin lura ya ke. Ko wanne daga cikin mutanen nan biyu yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Tsohon yana da kwarjini da gudun duniya da daɗewa cikin wa'azi, amma ba ƙafa, ba karatu. Yarinyar tana da ƙuruciya da ilmin boko da baki mai jan jama'a, amma ba shekarun da dattawa za su saurare ta ita kaɗai. Shi ya zauna Ikko ana kawo masa marasa lafiya, ita ta ja tawaga a 1927 zuwa Abekuta da Badun da Ijebu da Ondo, tana wa'azi a fili, mutane suna kawo layunsu ana ƙonawa. Shi yana kiranta 'yarsa, ita tana kiransa uba. Cikin shekara uku ƙungiyar da ta faro a ɗakin gida guda ta game manyan garuruwan Yarabawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su kuwa da hannu biyu suka ɗauka.

Limaman coci sun soke su, an yi musu ba'a a jaridun Ikko, duk wannan bai rage su da kome ba. Abin da ya karya su daga cikin gida ya fito. Samari suka taru bayan Abiyodun suna ce mata ai sabo da wahayinta aka san ƙungiyar. Dattawa suka taru bayan Orimolade suna ce masa ai ba don addu'arsa ba da yarinyar ba ta tashi ba. Ko wace magana cikin biyun nan gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Aka yi ta kai gulma da kawowa, aka yi ta tambayar wa ya fi wani, har a 1929 Orimolade ya rubuta mata takarda ya ce ta ja nata mutane, shi ya ja nasa, don gudun fitina. Shekara huɗu kacal suka yi tare.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da aka ga an iya rabuwa sau ɗaya, rabuwa ta zama abu mai sauƙi. Ba a jima ba manyan masu addu'a na ɓangaren tsohon su ma suka ɓalle, rassan garuruwan yamma suka ware nasu taro a 1931. Orimolade ya rasu ran 19 ga Oktoba, 1933, a Ojokoro kusa da Ikko, ya bar ƙungiya kashi kashi. Abiyodun ta yi aure a 1942, ta yi tsawon rai, ta shafe shekaru tana neman a san ta da matsayin wadda aka kafa ƙungiyar da ita. A 1986 aka naɗa ta shugaba cikin wani yunƙuri na haɗa kan ɓangarorin, ta rasu a 1994, amma tsagar ba ta ɗinku duka ba. Yau rassa masu wannan suna ba su ƙirguwa da sauƙi, ko wanne da nasa shugaba.

Yadda abin ya iso mu kuwa, hanyar jirgin ƙasa ce ta kawo shi. Akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa Yarabawa suka zo da shi Kaduna da Zariya da Jos da Kano. A 1941 rassan Arewa suka haɗu suka kafa tasu ƙungiya, cibiyarta a Kaduna. Uban dattijon da muka ziyarta yana cikin waɗanda jirgi ya kawo. Da za mu tashi muka ce, "Baba, a ganinka wa ke da laifi cikin su biyu?" Ya daɗe shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, kai ma ka yi irin tambayar da ta raba su." Kunya ta kama mu, muka yi godiya muka fito.

Kada wani ya karanta wannan ya ce malamin makaranta ya koma yi wa wata hanya talla. Mu Musulmi ne, abin da muka gaskata dabam, nasu dabam, ba mu ɓoye wa dattijon haka ba, shi ma bai nemi mu ɓoye ba. Amma ƙin bin hanyar mutum abu ne guda, yi masa ƙarya kuma wani abu ne. Mutanen da tushen koyarwarsu shi ne a ƙone kayan tsafi, in muka bar yaranmu suna kiransu matsafa, mun bar su cikin ƙarya, alhakin kuwa a wuyanmu ya ke, tun da mu aka danƙa wa su.

Sa'an nan cutar da ta raba gurgun da yarinyar ba ta Yarabawa ba ce kaɗai, ba kuma ta Kirista ba ce kaɗai. Ku duba unguwarku. Sau nawa malamai biyu suka buɗe makarantar allo tare cikin aminci, almajirai suka shiga tsakani da cewa namu ya fi naku, yau ga makaranta biyu ba a gaisawa? Sau nawa ƙungiyar taimakon juna ta mutu don an rasa sunan wa za a fara rubutawa a takarda? Mu kanmu malaman makaranta mun sha zama a inuwa muna auna shugaba da mataimakinsa, muna kai wa wannan abin da wancan ya ce, muna tsammani hira mu ke yi. Shugabanni biyu ba safai su kan rabu don kansu ba, sai mabiya sun sa baki. Da mutum guda cikin samarin nan na Ikko ya iya cewa, ku yi shiru, da shi da ita duka namu ne, wataƙila da hoton nan biyu suna bango ɗaya.

Ran Litinin muka shiga aji, muka kira yaron da ya yi tambaya, muka ce masa tambayarsa mai kyau ce, mu ne muka yi kuskure da muka daka masa tsawa. Muka ba su labarin nan kamar yadda muka ba ku. Da muka zo kan kalmar adura, yara suka juya suna duban ɗan'uwansu, wani ya ce, "Ashe ku ma addu'a ku ke cewa?" Yaron ya ɗaga kai, karo na fari cikin mako guda. Ba mu ce daga ran nan duk tsokana ta ƙare ba, yaro yaro ne. Amma sunan nan ba mu sāke jinsa a filin makaranta ba.

Allah Ya tsare mu da faɗin abin da ba mu sani ba a kan maƙwabtanmu, Ya kuma tsare shugabanninmu daga bakinmu, amin.