Nemo na Dam Ɗin Kazaure

Mai karatu, in ka na cikin masu bin finafinan katun, na san ba ka manta da Finding Nemo ba, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2003, har ya ci kyautar Oscar a 2004. Labarin wani ɗan mitsitsin kifi ne da aka kamo daga teku aka jefa cikin akwatin gilashi a ofishin wani likitan haƙori a birnin Sidni. Wurin da ya fi tsinka zuciya shi ne inda ya kutsa cikin bututun injin tace ruwa don ya toshe shi da tsakuwa. Tsakuwar ta suɓuce, ruwa ya dinga jan sa zuwa bakin injin, da ƙyar sauran kifayen su ka zaro shi.

Kada ka ɗauka ƙirƙirar darakta ce kawai. Masu kiwon kifin ruwan gishiri a gida sun san wannan tashin hankalin. Akwatin nasu ya na da wani siririn lungu inda ruwa ke malalawa, ya bi bututu zuwa tankin ƙasa, a tace shi, inji ya maido shi sama. Ƙaramin kifi in ya firgita ya yi tsalle, sai ya faɗa lungun. Abin da su ke fara yi shi ne kashe injin, sannan su lallaɓo shi da 'yar raga. Garaje shi ke kashe kifin.

To, mu a Kazaure ba mu da teku, amma mu na da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba, wadda kowa ke kira dam. In damina ta yi albarka ruwa ya cika ya tumbatsa, sai ya fice ta makwarara, ya tafi da ƙananan kifaye. Da kaka ta shigo ruwa ya janye, sai ya bar su a 'yan kududdufai. Haka abin ya ke a rafukan Roni da Gwiwa da fadamun Babura. Rana na shanye ruwan, zalɓe na tsaye ya na jira, yara kuma ga su da kwanuka.

Ka san kifi suna ya tara. Gaiwa ba ruwan ta, sai ta nutse cikin laka ta yi watanni har ruwan sama ya dawo. Tarwaɗa ta na shaƙar iska, ta kan ma ja jiki a kan danshi ta nemi wani ruwan. Amma 'yar karfasa, da ruwa ya yi zafi iskar cikin sa ta ragu, sai ka ga ta taso sama ta na buɗe baki.

Irin ta mu ka tarar wata rana da yamma, ni da ɗan yaya ta, wanda ya kalli fim ɗin nan har faifan ya ƙoƙe. Ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Nan take ya ce Nemo ce, gida zai kai ta ya zuba mata ruwan famfo a kwalba. Wani dattijo masunci da ke gyaran komar sa ya ce, "Yaro, tsaya! Jiƙa hannun ka tukuna."

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Malam, yauƙin nan na jikin ta shi ne rigar ta. Busasshen hannu ya goge shi, ciwo zai kama ta. Ruwan famfo kuwa akwai magani a ciki, ba za ta kwana ba."

Da ƙwarya ya kamfato ta tare da ruwan da ta ke ciki. A bakin dam bai watsa ta ba, ya tsoma ƙwaryar ya bar ruwan sanyi na shiga kaɗan-kaɗan, har ta fice da kan ta. Kafin magariba mun maida sun fi ashirin. Ya ce, "Wanda ya cinye ƙanana bana, me zai kama baɗi?"

Ka ga, mai karatu, tausayi abu ne mai kyau. Hadisi ya zo da labarin mutumin da Allah ya gafarta wa don ya shayar da kare. Amma tausayin da ba sani a cikin sa ya kan yi kisa da kyakkyawar niyya. Kuma abin ya wuce ran kifi ɗaya, magana ce ta abincin gidajen masunta.

Shi ya sa na ke cigiya ga furodusoshin mu da marubuta. Sau nawa aka ɗauki kyamara aka je bakin dam? Amma rawa da waƙa kawai ake yi a dawo, masunci na can baya cikin kwalekwale kamar ado. Turawa sun gina fim sukutum a kan ɗan kifi ɗaya. Mu ga ruwan, ga kifin, ga dattawan da su ka san sirrin su, kuma ba dawwama za su yi ba. Wa zai rubuta mana nasu labarin?