Sunan Ƙasa a Cikin Kwalba

Akwai kalmomin Faransanci da malami ke tsallakewa da sauri a cikin aji, don ya san in ya tsaya kansu ba zai fita da sauƙi ba. Kalmar terroir tana cikinsu. Ƙamus zai ce yanki ne ko ƙasar noma, amma wanda ya taɓa jin yadda Bafaranshe ke furta ta ya san ma'anar ta wuce nan. Galibi kuma a zancen giyar inabi ake cin karo da ita, abin da ni da ɗalibaina ba mu sha, tunda addininmu ya hana. Adabin da muke koyarwa a lise kuwa cike yake da giya. Baudelaire babi sukutum ya ware mata a cikin Les Fleurs du mal. Malamin harshe ba ya da ikon zaɓen abin da masu harshen za su yi tinƙaho da shi. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya san aikin da ke bayan kalma.

A watan Agusta na 2018 na samu zuwa ƙarin horo a cibiyar koyon harsuna ta jami'ar Besançon, a gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwis. Wata Asabar aka ɗauke mu zuwa Arbois, ɗan garin da ke gindin tsaunukan Jura, tafiyar da ba ta kai awa guda ba a mota, don mu ziyarci wani ƙaramin gidan matsar inabi. Biyu daga cikin abokan tafiyarmu suka ce su a waje za su jira, kuma ban ga laifinsu ba. Ni na shiga bisa sharaɗin in gani, in yi tambaya, amma kada in kurɓa. Maigidan, dattijo mai hannuwa irin na manomanmu, ya karɓi sharaɗin ba tare da ya ɗaga gira ba. Ya ce: "Mushe, ai aikin a gona yake. Zo mu fara daga can."

Gonar ba ta kai hekta goma ba, kuma a warwatse take bisa gangaren tudu, nan ɗan fili, can ɗan fili, kamar gonakin gado. Shi da ɗiyarsa ke aikinta. Irin inabi biyar doka ta yarda a shuka a Jura. Biyu daga ciki, Chardonnay da Pinot noir, ana samun su a ƙasashe da dama, don haka bai ɓata lokaci a kansu ba, ko da yake Chardonnay ne ya fi yawa a yankin. Sauran ukun ne na gida. Poulsard baƙi ne mai siririyar fata, ruwansa ja ne mai haske kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, kuma ƙauyen Pupillin da ke kusa ya yi suna da shi. Trousseau ya fi son ƙasa mai tsakuwa wadda rana ke gasawa. Savagnin fari ne mai kaurin fata, yana son laka mai launin toka, shi ne kuma ake tsinka daga ƙarshe. Dattijon ya duƙa ya ɗebo ƙasa ya murza a tafin hannu, ya yi taku kamar talatin, ya ɗebo wata mai ja-ja, ya ce abin da wannan ke so waccan ba ta so. Nan take na tuna manoman Gulbin Maraɗi, waɗanda ba su taɓa haɗa jigawa da geza ko fadama, kuma sun san wace ce ta hatsi, wace ce ta dawa.

Kowace kurangar da ke gonar aurarriya ce, kamar mangwaronmu na aure. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo Turai daga Amurka, ya cinye gonakin inabin Faransa. Maganin da aka samu shi ne a aura irin gida bisa saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kafin annobar gonakin Jura sun kai hekta 20,000. A yau wajen 2,000 ne suka rage. Abin da ake kira gadon kakanni, ashe, bisa saiwar baƙo yake tsaye.

A ɗakin ajiya na ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ƙa'idar masu wannan sana'a ko'ina ita ce a riƙa cika tano duk lokacin da ruwan ya ragu, don iska na lalata giya. A Jura, ga irin da suke kira vin jaune, wato rawayar giya, sai suka juya ƙa'idar. Ana zuba ruwan Savagnin a tano na itace mai cin lita 228, a bar shi shekara shida da wata uku ba a ƙara ko ɗigo. Ruwan na raguwa, wata yana ta ƙwayoyin yisti na rufe samansa, kamar yanar da ke hawa bisa kunu in ya huce, ita ce ke tsare shi daga komawa tsami. Wani tanon yanar ta kama, wani ta ƙi, kuma mai shi ba ya da abin yi sai dubawa da jira. In wa'adi ya cika, a ɗura a wata gajeruwar kwalba, clavelin, mai cin santilita 62. Sun ce abin da ke saura ke nan daga lita guda bayan waɗannan shekaru. Na daɗe ina juya kwalbar nan a hannuna. Ban taɓa ganin ma'aunin da ke faɗa wa mai saye yawan hasarar da mai sayarwa ya yarda ya yi ba.

Da aka zo tebur, aka zuba mini ruwan inabin da bai tsima ba, sauran kuwa aka jera musu kofuna. Ɗiyar ce ta yi bayanin abin da ake ci da kowace. Poulsard, don rashin nauyinta, da busasshen nama mai hayaƙi. Trousseau da jan nama ko naman daji. Rawayar kuwa abokinta na asali shi ne cukun Comté, tare da ƴaƴan itacen noix masu maiƙo kamar gujiya, ko kuma kaza da aka dafa da kirim da wani irin naman kaza na daji, morille. Cukun na ci, na kuma ƙara. Da nonon shanun tudun da ke bisan gonakin ake yin sa, dunƙule guda na kai kilo 40, yana cin nono wajen lita 400, kuma ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi aƙalla wata huɗu a ajiye. A ganina babu wani sirri mai zurfi a wannan haɗi da littattafansu ke ta kambamawa. Abin da ƙasa ɗaya ta haifa ne aka saba ci tare har baki ya mai da sabo doka, kamar yadda Bahaushe ba ya neman hujjar haɗa fura da nono.

Garin yana da wani ɗa da ya shafe mu duka, masu sha da marasa sha. Louis Pasteur, wanda aka haifa a Dole a 1822, a Arbois ya tashi, a gidan ubansa majemi, kuma gidan na nan ana ziyarta. Binciken abin da ke lalata giya ne ya kai shi ga dabarar ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cuta, ya wallafa littafinsa a kan haka a 1866. Daga baya aka yi amfani da dabarar ga madara. Duk uwar da ta sayi nonon kanti a Yamai ko Damagaram tana cin moriyar wannan aiki.

To, mene ne terroir? Abin da na gani ya haɗa laka, da gangaren tudu, da iri, da sabon hannu, da abu na biyar da ƙamus bai ambata ba, wato doka. Saboda ƴan kasuwa na sayar da giyar wani wuri da sunan wani, Faransa ta kafa dokar kare sunan asali a 1935, kuma Arbois na cikin garuruwan farko da suka samu wannan kariya a watan Mayu na 1936. Ba don wannan ba, gida mai hekta ƙasa da goma ba zai iya jiran shekara shida ba, domin wani zai kwaikwayi kwalbar ya karya farashi. Mun san wannan ciwo. Albasar Galmi ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, har wani kamfanin iri na waje ya taɓa neman mallakar sunanta, sai da aka tashi tsaye. A yau ita da kilishin Nijar suna da rajistar sunan asali a hukumar OAPI. Ga ɗalibaina, na zaɓi in ce terroir shi ne ɗanɗanon ƙasa mai suna, kuma in na ga sun yi shiru sai in tambaye su ko albasar Galmi ɗaya take da kowace albasa.

Doka dai tana tsare suna, ba ta tsare gona daga sama. Dattijon ya nuna mana sahun tanon shekarar 2017, wanda bai kai na sauran shekaru tsawo ba, don a watan Afrilu na shekarar sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone tohon kuranga cikin ƴan darare. Da ɗumamar yanayi, inabi na saurin toho, sai sanyin ƙarshe ya iske shi a buɗe. A Afrilun 2021 abin ya maimaita, kuma Jura na cikin yankunan da suka fi jin jiki a Faransa. Ɗiyar, wadda ta karɓi ragamar gidan, ta rubuto mini a lokacin cewa ɗan Savagnin da ya tsira ta zuba shi a tano, ba ta sayar ba, alhali banki na jiran nasa. Rawayar giyar wannan shekara ba za ta fito kasuwa ba sai a farkon 2028.