Yini Ɗaya A Gindin Duwatsun Shira

Da hantsi na bar Azare na kama hanyar Yana, kafin azahar ina Shira. Tun daga nesa baƙo ke hango duwatsun garin sun taso a tsakiyar ƙasa mai shimfiɗa. Wani dattijo ya yi mini jagora har gindinsu, ya nuna mini zanen shanu da na mutane da aka yi da jan launi a jikin dutse, waɗanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihin ƙasa.

Na ce, "Baba, su wa suka kafa garin nan?" Ya ce yadda ya ji daga magabata, wasu 'yan'uwa uku ne suka zo daga gabas, ɗaya ya kafa Shira, ɗaya Tashena, ɗaya Auyo. Wanda ya zaɓi nan ya san abin da yake yi, domin a zamanin yaƙi dutse garkuwa ne. Amma a ƙasar Hausa ta dā mutane ba su tsaya nan ba, sun ɗauka manyan duwatsu mazaunin iskoki ne, sarki kuwa ba ya son fita daga sai ya tabbata suna bayansa.

Tarihin Kano ya ba da misali. Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, yana da lifidi da kwalkwali da sulke, amma Zazzagawa suka kore shi. Sai ya koma wa mai tsafi, ya yi abin da aka ce ya yi, ya sake fita ya ci nasara.

Ina tsaye a wurin sai Mongolawa suka faɗo mini a rai, watau waɗanda littattafan malamanmu ke kira Tatar. Shugabansu Jangiz Khan ya taɓa ɓuya a dutsen Burkhan Khaldun sa'ad da abokan gaba suka biyo shi. Da ya tsira ya yi alkawarin girmama dutsen kullum, shi da zuriyarsa. Abin bautarsu shi ne Tengri, watau sama. Bokayensu kan ƙona ƙashin kafaɗar tunkiya su duba tsagewarsa kafin a yi hawa. A 1206, da aka naɗa shi shugaban kabilun duka, wani babban boka mai suna Teb Tengri ya tsaya masa da cewa sama ce ta ba shi mulki. Wannan imani ya sa suka ɗauki duk sarkin da ya ƙi miƙa wuya a matsayin ɗan tawaye. Da wannan tunani jikansa Hulaku ya rushe Bagadaza a 1258.

To, mai karatu, lura da ƙarshen bokan. Da ya fara raba kan gidan sarauta, Jangiz Khan ya bari aka karya masa gadon baya. Sarki na son boka muddin yana ƙara masa ƙarfi, ranar da ya zama kishiya kwanansa ya ƙare. Tsafin ma bai hana sojojin Masar fatattakar Mongolawa a Ain Jalut a 1260 ba, kuma a 1295 Gazan, mai mulkinsu a Farisa, ya musulunta.

A nan ma abin ya zo ƙarshe. Wajen 1807 Malam Zaki, mai tutar Shehu Usmanu, ya ci Shira, daga baya ya kafa Katagum, har ya kai yaƙi Birnin Gazargamu. A wasiƙun da aka yi musaya lokacin tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno, yanka ga duwatsu da itatuwa na cikin abin da aka yi gardama a kai. Shira ta koma ƙarƙashin Katagum, a 1916 kuma aka mayar da hedkwata Azare.

Da la'asar na sauko. Roƙona ga hukuma da mutanen gari shi ne a kula da zanen nan, kada rana da ruwa da hannun yara su shafe shi. Ba don a bauta wa dutse ba, sai don 'ya'yanmu su ga inda aka fito. Allah Ya sa a ji.