Teku Ba Ta San Agogon Ofis Ba

Wani ma'aikaci mutumin Sakkwato ya shekara 6 a Ikko bai taɓa sa ƙafa cikin jirgin ruwa ba. Ruwan da ya sani shi ne gulbin Rima, wanda yakan cika da damina ya janye da rani. Ran wata Asabar abokin aikinsa ya ja shi zuwa Tarkwa Bay, gaɓar da ke bakin mashigin tashar jiragen ruwa ta Apapa, cikin ɗan ƙaramin jirgi mai babban ƙyalle wanda iska ke turawa. Matuƙinsu wani dattijo ne masunci.

Zuwa dai lafiya lau. Suka kwana can. Ran Lahadi da la'asar sai Basakkwace ya ƙosa, don gobe Litinin akwai aiki. Dattijo ya dubi ruwa ya ce, "Malam, yanzu janyewa yake yi, a dakata ya juyo." Shi kuwa ya dubi agogonsa ya kafe sai an tashi.

Ashe teku sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a kwana guda, musamman saboda jan da wata ke yi mata, kuma kullum lokacin yakan ƙara jinkiri da wajen minti 50. A Ikko tashin ruwan bai cika wuce ƙafa 3 ba, amma in ya tashi komawa, ta wannan mashigi yake kwararowa da ƙarfi daga tafkin Ikko.

Suna kaiwa tsakiya iska ta ɗauke, ƙyalle ya yi laƙwas. Ruwa ya kwashe su ya nufi teku, ga kuma hanyar manyan jirage. Basakkwace bai iya iyo ba, sai salati, yana tuna 'ya'yansa. Da ƙyar dattijo ya karkata jirgin zuwa gefe, ya jefa ƙugiyar ƙarfe ta kama ƙasa. Nan suka zauna cikin duhu har ruwa ya juyo, ya kai su gida ba wahala.

Da suka sauka ya ce, "Baba, ka yafe mini." Dattijo bai ce kome ba, sai naɗe igiyarsa yake yi. Sauri ya haifi nawa: da an dakata tun farko, da a bisa tudu aka yi jiran nan, hankali kwance.