Kafin Ka Rataya Jitar Nan Ka Nufi Zoo Road

Ɗana, tunda ka dage sai kiɗan jita a situdiyo, ba zan hana ka ba. Babarka ta so in tsawata maka, amma ni da na yi shekaru ina cin abinci da sayar da kaset a Kano, ba ni da bakin cewa kiɗa ba sana'a ba ce. Matsayin da za ka tsaya a cikinta nake so ka sani.

Tare kowa ka ga dama a kasuwar Kibiya, ya san Shata, ko da yake ya rasu tun 1999. Tambaye shi sunan masu kalangun da ke bayansa, sai ya hau sosa ƙeya. To, layinsu za ka shiga. Ko a Amurka haka abin yake. Tommy Tedesco ya kaɗa jita a dubban faya-fayai a Los Angeles, har da na Elvis Presley da Frank Sinatra, kuma hannunsa ne a kiɗan buɗe shirin kaboyi na Bonanza. Ya rasu a 1997, sai a 2008 ɗansa ya fitar da fim a kansa da abokan aikinsa na situdiyo, jama'a suka ga fuskokin da suka daɗe suna jin aikinsu.

Saboda haka ka yanke kuɗinka kafin ka murɗa tsirkiya. Na san wani yaro, gwani ne na gaske, ya kwana yana maimaita layi ɗaya har yatsunsa suka yi kanta suka fashe. Da asuba furodusa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "In waƙa ta fita za mu sallame ka." Waƙa ta fita, ni da hannuna na sayar da ita katan-katan, shi kuwa kuɗin shayi kawai ya gani. Karɓi kafin alƙalami, a gaban shaida. Ba rashin kunya ba ne.

Ka kuma sani a Kano fiyano ce sarauniya. Tun lokacin fim ɗin Sangaya, a 1999, Yamaha guda take fitar da ganga da sarewa, har da muryar jitar taka. Me zai sa a biya ka, in ba ka kawo abin da maɓalli ba zai iya ba? Nan kunne yake aiki. Mawaƙi zai shigo da waƙa a baki kawai, ba rubutu ba komai, ya rera sau biyu, a ce ka bi shi. In ya ja numfashi ka cike gurbin, in ya buɗe baki ka janye. Masu son burgewa, waɗanda ke danne muryar mai waƙa, ba a kiran su karo na biyu.

Kada kuma ka raina ƙaramin aiki. Mdou Moctar, Buzun Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin Turai ta ji labarinsa.

Gonarmu ta hanyar Rano kuwa, ban yarda a jinginar da ita don sayen amfilifaya ba. Aikin situdiyo yana ɗaukewa, musamman da azumi. In damina ta faɗi ka dawo mu shuka gyaɗa, jitar ma ka zo da ita.