Batir Na Biyu: Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Rairayin Yusufari

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kai motar wurin Baba mai rewaya. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Land Cruiser mai bodi, injin 1HZ, dizal mai silinda shida, lita 4.2. Ta girmi yaron shagonsa.

Na faɗa masa buƙatata: firjin rigakafi ya yini ya kwana yana aiki mota a kashe, da asuba kuma ta tashi da kik ɗaya. Ya ce, "Malam, aiki biyu ka lissafa, batir ɗaya gare ka." Na tada mota farantansa sirara ne, aikinsa ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu, altaneta ta mayar masa nan take. In aka riƙa tatse shi har ƙasa, ba ya daɗewa. Na firji kuwa mai kaurin faranti ake so, wanda ke jure ja a hankali. Kuma dole a raba su.

A cikin gari in batir ya mutu, yara huɗu sun isa su tura. Arewa da Yusufari, taya a nutse cikin rairayi, ko gayya aka yi ba mai tura mota ta tashi.

Talata, 11

Lissafi a bayan takardar rasit, ni da Baba. In kwamfuresan firji ya tashi yana jan amfiya 4 zuwa 5, amma tashi yake yana hutawa. A zafi mu ce 2 a kowace awa. Yini da kwana, kusan 50. Batir mai 100Ah, rabinsa kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko. Ke nan cif-cif, babu rara. Ga fitila, ga cajin waya.

Ban ji daɗin lissafin ba. Baba ya ce ai motar ba a tsaye za ta dawwama ba, tana tafiya tana cika shi. Haka ne. Tafiyar nawa?

Laraba, 12

Ƙofar Ruwa tun hantsi. Ƙura, ƙarar guduma, masu baro. Mai kebul ya ciro naɗi biyu masu kauri ɗaya, jan bawo iri ɗaya. Ya kankare bakin na farko da reza, ja har ciki. Ya kankare na biyu, sai ga fari ya bayyana: alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla. A hannu ma ya fi sauƙin nauyi. Ya kunna ashana a ƙarƙashin zare ɗaya, ya lanƙwashe ya zube. "Alhaji, ga su nan, araha ba ta ado." Allah ya yi masa albarka da ya nuna. Na ɗauki tagulla zalla, mai 25, mita shida ja, mita shida baƙi. Kuɗin ya yi ciwo.

Fiyus manya biyu da gidajensu. Kawunan waya. Robar rufi mai tsaga.

Aisoleta mai raba batiran biyu babu. Wani ya ce gobe, wani ya ce daga Legas.

Juma'a, 14

Shiru. Mota na garejin Baba, an lulluɓe ta da ƙura. Bayan masallaci na leƙa, yaro ya ce, "Oga, ba a kawo ba." Na zauna a benci na sha shayi na tafi.

Dakta, abokin tafiyar rigakafin, ya kira. Allurar ta iso daga Vom, tana firjin ofis: ta ciwon huhu ta shanu, da ta PPR ta awaki da tumaki. Ya ce kada mu wuce ranar 20, yana so a gama kafin azumi. Na ce in sha Allahu. Ban faɗa masa halin da motar ke ciki ba.

Asabar, 15

Muhawara kan wurin ajiye batir. Yaya yana so a cusa shi cikin bonet kusa da na farko, waya gajera, aiki kaɗan. Baba ya ƙi. Zafin inji na cin batir, musamman irin rufaffen nan AGM da na saya, ga zafin rana a kai. Na ruwa kuma ba a son sa inda mutum ke zama a rufe, yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, gargada kuma ta zubar da asid. An tsaya kan bayan gidan direba, a cikin bodi, kusa da firji, cikin akwatin ƙarfe mai huji-huji.

Mai walda ya auna, ya yanka, ya haɗa. Na ce ya ƙara ɗamara ta sama da noti biyu. Batirin nauyinsa ya kusa kilo 30. In ya yi tsalle a kan tudu ba abin da zai tsayar da shi sai ƙarfe.

Yaya ya kawo maganar lithiyam. Ya fi sauƙin nauyi, ana cin kusan dukansa. Sai dai kuɗinsa, kuma yana buƙatar cajarsa ta musamman tsakaninsa da altaneta. Ba bana ba.

Lahadi, 16

Ba aiki. Na kasa zama. Na goge firji, na wanke kuloli, na jera robobin ruwa a firizar maƙwabci.

Tunanin bara ke dawowa. Ƙanƙara daga Gashuwa a cikin kula, kwana na biyu ta zama ruwan ɗumi, kwalabe na iyo a ciki. Allurar da zafi ya kashe kamanninta ba ya canzawa. A yi wa saniya, a yi mata alama a kunne, mai ita ya tafi da kwanciyar hankali, alhali ruwa aka tsira mata. In ciwon huhu ya shigo garken bayan wata uku, ba zai ce zafi ba ne. Zai ce allurar Malam ba ta aiki, kuma badi ba zai kawo ko maraƙi ba. Wannan ne abin da ke hana ni barci.

Litinin, 17

Aisoleta ta iso! Ƙaramar aba baƙa, ba ta kai tafin hannu ba, ƙusoshi biyu manya da siririyar waya ta ƙasa. A jikinta an rubuta: tana haɗawa a 13.3, tana rabawa a 12.8.

Baba ya yi wa yaronsa bayani, ni ma ina saurare. In inji ya tashi, altaneta ta ɗaga wutar batirin gaba ta wuce 13.3, sai ta haɗa na baya ya sha. In an kashe inji wuta ta sauko, ta raba su. Daga nan firji ya ci na baya har ya ƙare in ya ga dama, na gaba ba ruwansa. Ya ce, "Na gaban nan kamar iri ne a rumbu, ko yunwa ta yi yaya ba a dafa shi."

Ya ce na yi sa'a tsohuwar mota ce. Wasu sababbin, kwamfuta ke rage wutar altaneta don tsimin mai, aisoleta irin wannan ba ta gane kansu.

Talata, 18

Yini guda ƙarƙashin mota. An fara cire kan baƙi na batirin gaba. Kebul ya bi gefen shasi, nesa da salansa, cikin robar rufi, ɗauri a kowane taƙi. Inda ya ratsa ƙarfe Baba ya sa zoben roba, ya ja, ya girgiza, ya sake ja. Ya ce gobarar mota a nan take farawa: gargada na goga waya da bakin ƙarfe kaɗan-kaɗan, wata rana bawo ya huje.

Fiyus ɗaya dab da kan ja na batirin gaba, ɗaya dab da na baya. Yaya ya ce ɗaya bai isa ba? A'a. Wayar wuta gare ta ta kai biyu. In ta taɓa ƙarfe a tsakiya, kowane batir zai kwarara mata.

Kawunan waya ba a yi musu dukan guduma a kan dutse ba. Matsewa da abin matsa, sannan roba mai tsukewa da wuta. Hannun Baba na rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma ba ya rawa a nan.

Magariba. An mayar da kan baƙi. Gaba 12.6, baya 12.7. Kik. Muka yi tsit. Daƙiƙu kaɗan, ƙyas, 'yar fitila ta kama. Yaro ya yi tafi.

Mita a gaba 14.2. A baya 13.5. Baba ya ɓata fuska.

Laraba, 19

Ɓatar wuta a hanya. Ya bi haɗi ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa da bayan yatsa. Wurin da baƙar waya ta haɗu da jikin inji akwai fenti da tsatsa. Ya kankare har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya ɗaure, ya shafa giris. Baya 13.9. Ya ce hakan ya yi.

Ya ƙara makunni ja a ƙarƙashin kujera. In na gaba ya gaza wata rana, a murɗa shi a haɗa biyun a tayar, a mayar nan da nan. "Ɗana, kada ka bar shi a kunne ka kwanta." Na ce to, Baba.

Firji ya kwana a ƙofar gida babu allura, robobin ruwa kawai da ma'aunin sanyi. Na fito cikin dare na haska: digiri 4. Na koma. Na sake fitowa.

Alhamis, 20

Asuba: baya 12.4, gaba 12.6. Alhamdu lillahi.

An loda. Kwalabe a tsakiya, robobin ƙanƙara a gefe da kwali tsakani. Tsakanin digiri 2 da 8 ake so. Gumel, Malam Madori, Nguru. Shingaye. A ɗaya an ce a buɗe firji, Dakta ya nuna takarda, aka leƙa aka rufe. Gashuwa bayan isha. Tafiyar yini ta cika batir dam.

Juma'a, 21

Yusufari, daga nan kwalta ta ƙare mana. Na rage iskar tayoyi, ƙaramar giya, mu hau mu gangara. Hazo, rana fara fat. A kowace tsayawa sai na hau bodi in taɓa noti. Ɗaya na ɗamara ya saki kaɗan, na ƙara matsewa. Kebul lafiya.

Masauki kusa da wata rijiya. Ardo ya aiko da nono. Sanyin dare har ƙashi, kwamfuresa da ƙyar yake tashi. Na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba.

Asabar, 22

Safe 12.4.

Shanu tun fitowar rana, jajaye masu dogon ƙaho, sai awaki ba iyaka. In an narka allurar ciwon huhu ba ta jira, awa ɗaya zuwa biyu ta tashi aiki, don haka kwalba ɗaya-ɗaya ake ciro. Kowace buɗewa sanyi na fita. Daga azahar kwamfuresa ya daina hutawa, sai gurnani. Na shimfiɗa tabarma a kan ƙarafan bodi don inuwa, na jiƙa buhu na rufa wa firji, na bar wurin iskarsa a buɗe.

Wayoyin hannu, a yi musu caji. Ɗaya, biyu, sai tsibi a kan kujera. Ta yaya zan ce a'a ga mutumin da ya shayar da ni? Na karɓi na dattawa.

La'asar muka tashi zuwa wata ruga. Tafiyar ba ta kai awa ba.

Lahadi, 23

Safe 12.1. Rabi ke nan.

Ga inda lissafin Talata ya tsaya. Abin da yini ya cinye, gajeriyar tafiya tsakanin ruga da ruga ba ta mayarwa. Batir irin wannan yana shan farko da sauri, ƙarshen kuma sai a hankali, awowi. Na bar inji na aiki a tsaye da hantsi. Dizal na ƙonewa, Dakta na kallon jarkoki. Ya ce, "Malam, man komawa fa." Na kashe.

Rai a ɓace duk yini. Ban karɓi waya ko ɗaya ba. Wani yaro ya tsaya da tasa a hannu ya daɗe.

Gaba 12.6. Ban taɓa jan makunnin ba.

Litinin, 24

Tulo-Tulo. Dabino da goruba a cikin kwari, tuddai kewaye, ruwa kusa-kusa. Tafiya mai tsawo yau, rairayi mai laushi, inji na ta aiki. Da isowa na jira wutar saman ta kwanta kafin in auna: 12.5. Zuciya ta ɗan sauka.

Wani mai shagon caji yana da farantin sola a kan rumfa. Na tsaya ina kallonsa. Mai wat 150 zai zauna daidai a kan rufin gidan direba. Da tsakar rana, lokacin da firji ya fi ci, lokacin ne shi ma ya fi bayarwa. Hazo na rage shi, sai an riƙa gogewa, amma ko rabi ya bayar ya rufe giɓin. Da shi da na'urar daidaita caji. Na tambayi mai shagon ko zai ba da aron ƙaramin da ke jingine a ciki. Ya ce sai ya shawarci wansa.

An yi awaki da yawa. Dakta ya yi dariya yau.

Talata, 25

Iska tun dare, yashi a haƙora. Ba a fita ba sai hantsi. Ta lafa, zafi ya sauko gaba ɗaya.

Wan mai shago bai dawo daga kasuwa ba.

La'asar 12.0. Ma'aunin sanyi 6, ya taɓa 7 lokacin da aka buɗe. Firji na yanke kansa in wuta ta yi ƙasa sosai, ban so mu kai can. Na kwashe robobin da suka narke na mayar da kwalabe ƙasa inda ya fi sanyi. Fitila a kashe, tocila kawai.

Saura rugage uku ta gabas, kwalabe sun kai rabi. Dakta na ganin mu gama su gobe mu juya. Ni ina ganin mu fara da mafi nisa, tafiyar ta yi caji. Mun ƙirga jarkoki tare, ba mu tsayar da magana ba. In farantin ya samu da safe, waya siririya da fiyus ƙarami suna cikin akwatin da Baba ya haɗa mini. In bai samu ba, rabin awa na inji da asuba, rabi da azahar, sai mu ga abin da mita za ta ce.