Ɗalibi da sungumi

Shekaru na yi ina koya wa ɗalibai noman hatsi, dawa, wake da gujiya, kuma babu abin da ya fi ba ni wuya kamar raba su da kunyar gona. Da yawansu ƴaƴan manoma ne daga Tasawa da Mayahi, amma da zarar sun shiga jami'a sai su dubi sungumi da haiwa tamkar kayan jahilci.

Tun 2010 Maraɗi ke da jami'arta, wadda ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo, ana kuma koyar da noma a cikinta. A aji mukan ce: rami 10.000 a eka, mita ɗaya tsakani, a cire a bar tushe 3, a sa ɗan takin zamani. Duk gaskiya ne. Sai dai manomin jigawar Mayahi yakan yi binne tun ruwa bai sauka ba, don kada shukar fari ta wuce shi. Yana haɗa hatsi da wake, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Yana barin gawo tsakiyar gona, itacen da ke kaɗe ganye da damina, ya ba ƙasa taki bai tare rana ba. Ɗalibin da bai taka gonar ba, kuskure zai kira wannan duka, gobe kuwa shi ne malamin gona.

Ku ƴan kasuwa da ma'aikata masu gonaki wajen Gulbin Kaba, ku ba ɗalibi eka guda daga shuka har girbi, ya ƙirga dammansa, ya kawo muku lissafin abin da aka kashe.